Ɗurin Harsashin Bindiga Mai Liba: Yadda Maharban Amurka Ke Sabunta Kwanso

Idan watan Nuwamba ya kama a Amurka, dazuzzukan Pennsylvania da Wisconsin da Maine kan cika da mafarautan barewa, kuma har yau da yawansu bindiga mai liba suke saɓawa, irin wadda aka saba gani a finafinan kaboyi. Wanda ya zuba musu ido zai lura da wata ɗabi'a. Da mutum ya yi harbi ya ja liba, kwanso ya yi tsalle ya faɗi, sai ya duƙa ya tsince shi ya jefa aljihu. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su zama harsashi: kwanson tagulla, da ɗan ƙyastun da ke gindinsa wanda allurar bindiga ke doka, da albarushi, da ƙwayar da ke fita ta sami dabba. Uku suna ƙarewa a harbi ɗaya. Kwanso kuwa yana nan, kuma galibi shi ne mafi tsada a cikinsu. Saboda haka ake komawa da shi gida a sake masa ƙyastu da albarushi da ƙwaya.

A can dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda zai yi wa kansa ɗuri, sai in sayarwa zai yi. A Nijeriya ba haka abin yake ba, domin dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai a wuraren da hukuma ta amince da su. Wannan sana'a ce ta inda doka ta yarda da ita, inda ake shiga kanti a sayi ƙyastu da albarushin da kamfani ya gwada, tare da littafin da ke faɗin awon kowanne.

Sana'ar da bindigar kusan tare suka girma. Bindigar da Benjamin Tyler Henry ya fitar a 1860 tana cin harsashi goma sha biyar a bututun da ke ƙarƙashin hancinta, amma sinadarin kunna wutar harsashinta a cikin leɓen kwanson yake, da an harba leɓen ya lotse, kwanson ya zama na yarwa. Canji ya zo a 1873, lokacin da kamfanin Winchester ya fito da sabuwar bindiga da harsashin .44-40, wanda ƙyastunsa ke tsakiyar gindi, ana iya ture tsohon a sa sabo. Ga makiyayin da ke tafiyar kwanaki kafin ya isa kanti, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Winchester da kansa ya riƙa sayar da kayan ɗuri, sannan John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884, yana ƙera wani abu mai kama da awartaki da ake sa wa cikin jakar sirdi. Kamfanin Lyman ya gaji kayan Ideal a 1925, kuma littafinsa na ɗuri na cikin waɗanda ake dogara da su har gobe.

Sai John Moses Browning ya zana wa Winchester bindigar 1894. Bayan shekara guda aka haɗa ta da harsashin .30-30, ɗaya daga cikin harsasan farauta na farko a Amurka da suka yi aiki da albarushi marar hayaƙi. An ƙera fiye da miliyan bakwai na wannan bindiga. Babbar kishiyarta ita ce Marlin 336, wadda ta fito a 1948. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafi waɗannan biyun ne da 'yan uwansu.

Babban abin da ya raba ɗurin harsashin bindiga mai liba da na sauran bindigogi shi ne wancan bututun ajiya. A cikinsa harsasai a jere suke kwance, hancin na baya yana tokare da gindin na gaba, wato daidai kan ƙyastunsa, ga kuma sifirin yana danna su duka. Duk harbin da aka yi bindiga tana tokarin kafaɗa, jerin nan kuma yana karo da juna. In ƙwayar mai tsini ce mai tauri, tana iya yin aikin allura ta tayar da harsashin da ke gabanta a cikin bututun da ba a yi shi don ɗaukar wuta ba, kuma hannun hagun maharbi a kan bututun yake. Shi ya sa ƙa'idar farko ba ta da sassauci: ƙwaya mai faffaɗan hanci, ko mai dunƙulallen hanci na dalma mai laushi wadda kamfaninta ya ce ta bututu ce. Ƙwayar .30-30 kaurinta ɗaya da ta .308 da .30-06, kashi 308 cikin dubu na inci, don haka kanti cike yake da ƙwayoyi masu tsini da za su shiga bakin kwanson sumul. Shigarsu ba ita ce hujjar dacewarsu ba. Akwai ma dalili na biyu: ƙwayar da aka yi wa .30-30 an yi ta ne ta baje a jikin dabba da gudun da bai kai na manyan harsasan ba, alhali ta .30-06 tana iya ratsawa ta wuce ba ta buɗe ba, dabbar ta gudu da rauni.

Ba duk bindiga mai liba ce ke da wannan takura ba. Winchester 1895, wadda Theodore Roosevelt ya tafi da ita farauta Gabashin Afirka a 1909, harsasanta a kan juna suke cikin akwati. Savage 99 tana jera su a wani abu mai juyawa kamar ƙwarƙwaro. Browning BLR akwatin cirewa gare ta. Waɗannan duka suna cin ƙwaya mai tsini lafiya lau.

A wajajen 2006 kamfanin Hornady ya kawo wata dabara, ƙwaya mai tsini amma tsinin na roba ne mai laushi, yana lotsewa in ya tokari ƙyastu, ya koma daidai in ya fita. Suna kiranta FTX. Ta ƙara wa .30-30 nisan zango, amma ta zo da nata sharaɗin. Hancinta ya fi tsawo, saboda haka a harsashin .45-70 sai an rage kwanso daga inci 2.105 zuwa 2.040 kafin harsashin ya tsaya a tsawon da bindiga za ta karɓa. Wanda ya tsinci kwanson Hornady irin wannan a filin gwaji ya haɗa da sauran, zai sha mamakin yadda wasu suka ƙi ɗamewa. Maganin shi ne a ware su a akwatinsu daban.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai injin ɗuri da ake ɗaure wa a tebur mai ƙarfi, wanda ya fi shahara shi ne Rock Chucker na kamfanin RCBS da Fred Huntington ya kafa a Oroville ta California a 1943. Akwai kawunan ƙarfe da ake murɗa wa a saman injin, kowane harsashi da nasa: na matse kwanso, na zaunar da ƙwaya, kuma ga kwanso miƙaƙƙe irin .45-70 akwai na uku mai buɗe baki. Sai sikeli mai auna giren, wanda guda dubu bakwai ne ke yin laba ɗaya ta Amurka, giren ɗaya bai kai kashi bakwai cikin ɗari na giram ba. Sai ma'aunin tsawo mai nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci, da abin datse kwanso, da faranti mai ramuka da ake jera kwansuna, da gilashin kare ido. Richard Lee ya fito da wani ɗan ƙaramin kayan ɗuri wanda guduma kawai yake buƙata, amma shi wuyan kwanso kaɗai yake matsewa, kuma nan gaba za a ga dalilin da ya sa hakan ba ya isar bindiga mai liba.

Gaba da duk waɗannan akwai littafi. Lyman da Hornady da Speer da Sierra kowanne yana buga nasa, kamfanin albarushi na Hodgdon kuma yana sa nasa awon a intanet kyauta. Kowane layi a cikinsu sakamakon gwaji ne da na'urar auna matsin wuta, bisa iyakar da ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera makamai da harsasai, wadda aka kafa a 1926, ta gindaya. Tsofaffin hannu sukan duba littafi biyu su gwama. Awon da wani ya faɗa a bakin kanti, ko aka gani a rubuce a tsohuwar takarda cikin kayan gado, ba a ɗura shi sai an same shi a littafi.

Aikin kansa da duba kwanso yake farawa. Ana zuba su a injin girgiza tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara su fita fes, ba don ado ba, don tsaga ta fi bayyana a kwanso mai tsabta, kuma ƙasa ba za ta karce kan ƙarfe ba. Wanda bakinsa ya tsage a jefar. Wanda ramin ƙyastunsa ya yi sako-sako a jefar. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne wani siririn zobe mai haske da kan bayyana ɗan sama da gindi. Ana lanƙwasa bakin siririyar waya a zura cikin kwanson a karta bangon ciki; in ta maƙale a wani kwari a daidai wurin, tagullar ta sirance, harbi na gaba gindin na iya rabuwa da jiki, wuta ta yi baya, ragowar kwanson kuma ta maƙale a ɗakin harsashi.

Wannan matsala ta fi yawa a bindiga mai liba, kuma dalilin a ginin bindigar yake. A Winchester 94 da Marlin 336 sakatar da ke tare gindin harsashi daga can baya ake kulle ta, ba daga gaba kusa da harsashin ba kamar bindigar da ake murɗa sakatarta da hannu. Idan wuta ta tashi, ƙarfen yana ɗan ba da kai, kwanso ya miƙe ya bi shi. Ga shi kuma liba ba ta da ƙarfin cusa kwanson da ya kumbura. Saboda haka dole a matse kwanson tun daga baki har gindi a kowane ɗuri, ba wuya kaɗai ba. Matsewa da miƙewa kuma su ne ke cinye tagulla. A nan gwaninta ke shigowa. Kwanson .30-30 leɓen gindinsa ne ke tsayar da shi a ɗakin harsashi, don haka ko an tura kafaɗarsa baya fiye da kima zai tashi, mai shi ba zai san yana ɓarna ba sai kwansuna sun fara yankewa tun ba su yi wani aiki ba. Masu kula sukan sauke kan matsewa kaɗan-kaɗan, suna gwada kwanson a bindigar, su tsaya daidai inda liba ta rufe ba tare da an tilasta mata ba. Kafaɗa ta koma baya da kashi biyu ko uku cikin dubu na inci, ya isa.

Kafin a matse ana shafa wa kwanso maiko kaɗan. In an manta, kwanso ya maƙale a cikin kan ƙarfe, aikin ranar ya tsaya. In ya yi yawa, kafaɗa ta lotsa. Bayan an gama a goge maikon tas, domin kwanso mai santsi ba ya kama bangon ɗakin harsashi, duk ƙarfin sai ya koma kan sakata.

Daga nan sai datsewa. Masu wasu bindigogin kan yi sakaci da wannan mataki su tsira, mai bindiga mai liba ba ya tsira. Iyakar tsawon kwanson .30-30 inci 2.039 ne, littattafai kuma suna cewa a datse zuwa 2.029. Ba wuce iyaka kaɗai ake gudu ba. Ana so duk kwansuna su zama tsawo ɗaya, domin ɗame bakin da za a yi a ƙarshe da tsawon kwanso yake tafiya: dogo ya ɗame fiye da kima har kafaɗa ta kumbura, gajere kuma ya ƙi kamawa. Bayan datsewa a kankare kaifin bakin ciki da waje.

Ƙyastu ana sa shi a hankali, da gilashi a ido, a tura har ya zauna a ƙasan raminsa, ya ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso. Ana shafa yatsa a kan kowane ɗaya. Wanda ya yi tudu haɗari ne a kowace bindiga, amma a bututun da hancin wani harsashi ke dukansa ya fi zama haɗari. Ba a gyara shi bayan an zuba albarushi. Sai an kwance harsashin tukuna. Irin ƙyastun da littafi ya ambata shi ake sa wa, domin na babbar bindiga da na bindigar hannu faɗinsu na iya zama ɗaya amma tsayinsu da taurinsu sun bambanta.

Albarushi shi ne inda ake rasa yatsu da idanu, kuma kusan kullum ta hanyar da aka riga aka sani. Gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a tebur. Ana karanta sunansa da lambarsa sau biyu, domin akwai albarusai masu lamba iri ɗaya daga kamfanoni daban, awonsu kuma ba ɗaya ba. Ana farawa daga awon farko da littafi ya bayar, wanda yawanci yake ƙasa da na ƙarshe da kusan kashi goma cikin ɗari, a hau sannu a hankali. Albarushin da ke saurin ci na bindigar hannu in ya shiga kwanson babbar bindiga da awon na babbar bindiga, bindigar tarwatsewa take yi. Sannan akwai matsalar da tsofaffin harsasai suka gada. Kwanson .45-70 da .45 Colt da .44-40 an yi su ne don baƙin albarushi mai cika ciki. Na zamani kaɗan ake zubawa, ya kwanta can ƙasa, har a iya zuba awo biyu kwanson bai cika ba. Shi ya sa bayan an zuba wa duk kwansunan da ke faranti, ake ɗaukar tocila a leƙa su ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar albarushin tsayinsa ɗaya a duka. Wanda babu komai a cikinsa shi ma mugu ne: ƙyastu kaɗai na iya tura ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututun harbi, kuma bindiga mai liba saurin sake harbi gare ta. Duk harbin da ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, a tsaya, a sauke harsasai, a leƙa bututu.

Harsashin .45-70 yana da wani tarko nasa na daban. Sojan Amurka ne ya karɓe shi a 1873 don bindigar Springfield mai murfi a sama, wadda ba ta da ƙarfi sosai, kuma SAAMI ta tsayar da iyakarsa a laba 28,000 kan kowane murabba'in inci, alhali na .30-30 ya kai 42,000. Amma bindigogin da ke cin sa a yau ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka littattafai suka kasa awonsa uku: na tsohuwar Springfield da masu kama da ita, na bindigogi masu liba na zamani irin Marlin 1895 da aka dawo da ita a 1972, sai na ƙarfafa irin Ruger No. 1. Harsasan duka uku kamanninsu ɗaya a ido. Wanda yake da bindigogi biyu a gida, in bai rubuta a jikin akwati ba, wata rana na rukuni na uku zai shiga bindigar rukuni na farko. Haka Winchester 1873 da kwafinta na Italiya suke: makullinta mai gwiwa ne, ba ya jure abin da na Winchester 1892 ke jurewa, ko da harsashinsu ɗaya.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne jiran alama. Masu manyan harsasai sun saba duba ƙyastu, in ya baje sun san matsi ya yi yawa. A .30-30 da .45-70 kafin ƙyastu ya nuna wani abu an daɗe da wuce iyakar bindigar. Liba ta yi nauyin buɗewa, ko ta ɗan buɗe da kanta a lokacin harbi, wannan ba gargaɗin farko ba ne, an riga an yi nisa. Abin da ya fi amfani shi ne na'urar auna gudu. Kamfanoni suna rubuta ƙafa 2,390 a daƙiƙa ga ƙwayar .30-30 mai giren 150, da 2,200 ga mai giren 170, kuma wannan daga dogon bututun gwaji ne; gajeriyar bindiga mai inci ashirin ba ta kai haka. In harsashin gida ya fi na littafi gudu, matsinsa ma ya fi, ko da komai yana tafiya daidai a ido. Mai neman gudun .308 ya sayi .308.

Zaunar da ƙwaya kuma awon tsawo ne. Bindiga mai liba tana da wani ɗan cokali a ciki da ke karɓar harsashi daga bututu ya ɗaga shi zuwa ɗaki, an kuma yanka shi ne daidai wani tsawo. Ga .30-30 da .45-70 duka iyakar inci 2.550 ne. In harsashi ya wuce, hancinsa na nan cikin bututu lokacin da cokali zai tashi, bindiga ta cije, wani lokaci sai an kwance ta. In ya gaza sosai, a wasu bindigogin na bayansa sai ya leƙo ya tare hanya. Masu bindigar .357 Magnum da ke son harba .38 Special mai araha sun san wannan, wata bindigar ta karɓa, wata ta ƙi. Dabarar ita ce a fara haɗa harsasai uku ko huɗu na gwaji, babu ƙyastu babu albarushi, a yi musu alama, a zuba a bututu a ja liba a ga yadda suke wucewa. Sai sun wuce sumul ake ɗura na gaske.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗame baki, kuma a bindiga mai bututu wajibi ne. Sifirin yana danna ƙwaya, tokari yana dukanta. In bakin kwanso bai riƙe ta ba sai ta nutse ciki, wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. Ƙwayoyin da aka yi wa waɗannan bindigogi suna da ɗamara a jiki, wani tsagi da ya kewaye su, a nan ake lanƙwasa bakin kwanso ya shiga. Kan zaunar da ƙwaya yana iya yin duka biyun a ja ɗaya, amma da yawa sun fi son raba aikin, su zaunar da duka tukuna sannan su ɗame, ko su yi amfani da kan ɗamewa na kamfanin Lee wanda ke matso baki daga gefe kuma bai cika damuwa da ɗan bambancin tsawo ba. Gwajin mai sauƙi ne: a auna harsashi, a danna hancinsa da ƙarfi a jikin tebur, a sake aunawa. Wasu kan bar harsashi ɗaya a bututu su yi harbi da dama da sauran, sannan su fito da shi su ga ko ya ragu.

Bindiga mai liba da ƙwayar dalma zalla sun daɗe tare, kuma gudun da ba shi da yawa ya dace da dalma. Mutane da yawa suna narka tasu su zuba a mazubi, a waje ko inda iska ke wucewa, nesa da ruwa, domin ɗigo ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma sai ta fantsama. Dalma guba ce, ba a ci ba a sha a wurin, ana wanke hannu, ba a barin yara kusa. Sirrin ƙwayar dalma kauri ne. Ana so ta fi ramin bututu da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, in ba haka ba wuta ta bi gefenta ta narka ta, ta shafe cikin bututu. Don sanin ainihin faɗin, ana tura ƙwallon dalma mai laushi ta cikin bututun a auna shi. Marlin ya kawo wani salon tsagogi a shekarun 1950 mai suna Micro-Groove, tsagogi da yawa marasa zurfi, aka daɗe ana cewa ba ya son dalma. Waɗanda suka yi haƙuri da shi sun gano yana so, in dai ƙwayar ta ɗan fi kauri da tauri, kuma aka sa mata 'yar hular jan ƙarfe a gindi.

Masu wasan harbin kaboyi, waɗanda ƙungiyarsu ta SASS ta kafu a 1987, su ne suka fi kowa cin harsashin irin waɗannan bindigogi. Dokarsu dalma zalla ce, kuma gudun harsashin doguwar bindiga kada ya wuce ƙafa 1,400 a daƙiƙa, saboda faranti na ƙarfe suke harbi a kusa. Su ne suka dawo da .44-40 da .38-40 kasuwa. Kwanson .44-40 bakinsa siriri ne ƙwarai, in ya ɗan karkace a inji sai ya murƙushe, don haka hannu a hankali. Tsofaffin bindigoginsa ƙwaya mai kauri .427 suke so, wasu sababbi .429, wani dalilin kenan na auna bututu kafin a sayi ƙwaya.

A filin gwaji ma bindigar tana da halinta. Bututun ajiya da katakon gaba a ɗaure suke da bututun harbi, da ya yi zafi sai harbi ya fara tafiya sama ko gefe. Harbi uku, a bari ta huce, ya fi nuna gaskiyar harsashi a kan harbi goma a jere. Katakon gaba ake ɗora wa a kan jakar yashi, ba ƙarfe ba. Kowane akwati kuma a rubuta masa irin ƙwaya da nauyinta, sunan albarushi da awonsa, ƙyastu, tsawo, kwanan wata, da sau nawa aka ɗura kwanson.

Ko akwai riba? Ga mai .30-30 da ke harbi kaɗan a shekara, gaskiya na kanti ya ishe shi, kuɗin kayan aiki zai daɗe bai dawo ba, kuma a 2020 da 2021 ƙyastu ya yi ƙarancin da har masu ɗurin ma suka zauna. Ga mai .45-70 lissafin ya bambanta, domin na kanti tsada gare shi, kuma buƙatarsa ta ƙaru tun da jihar Ohio ta halatta farautar barewa da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso a 2014, Iowa ta bi a 2017. Ruger, wanda ya sayi Marlin a 2020, ya fara da .45-70, wannan kasuwa kuma ita ce ta sa kamfanonin Remington da Henry suka fito da .360 Buckhammer a 2023. Amma waɗanda ɗuri ya zame wa dole su ne magada tsofaffin bindigogi. Kamfanin Starline na jihar Missouri yana buga sabon kwanson .38-55 da .32-20 da .44-40 saboda su. Harsashin .33 Winchester na bindigar Winchester 1886 kuwa manyan kamfanoni sun daɗe da daina yin sa, masu irin wannan bindiga kwanson .45-70 suke matse wa wuya mataki-mataki har ya koma .33, da shi suke fita farauta.